Lissafin Kawu da 'Ya'yan Tsamiya

Shekaranjiya da yamma, ina dawowa daga makarantar da nake koyarwa a Birnin Kudu, na ratsa ta wani lungu, sai ƙanshin ƙanzo ya buge ni. Wata tsohuwa ce a ƙofar gida ta jiƙa shi, tana kwaɗawa da garin ƙuli-ƙuli da albasa. Ban san lokacin da na rage gudun babur ba. Mai karatu, in a ƙauye ka tashi ka san ƙanshin nan, ɗan ƙauri-ƙaurin gindin tukunya haɗe da man gyaɗa. Ni dai wata tafiya ya tuna mini, ta yini uku, wadda muka yi ina aji shida, da kuma Kawuna, yayan Inna, wanda ya kai mu ya dawo da mu.

Garinmu yana can bayan Sara, a ƙasar Gwaram, inda mota ba ta shiga sai a-kori-kura, ita ma ba kullum ba. A lokacin, yawancinmu iyakar duniyarmu kasuwar Sara. Birnin Kudu kuwa a bakin manya muke jin ta, in an kai mara lafiya asibiti ko an je wata shari'a. Sai aka turo mana wani sabon malami, saurayi mai fara'a, mai son abin da yake koyarwa. Wata rana ya buɗe littafi ya nuna mana hoton zanen shanu a jikin dutse, ya ce mutanen da ne suka zana, tun kafin kakannin kakanninmu, kuma dutsen yana nan Birnin Kudu. Ya ce in mun yarda, da an gama jarrabawa zai kai mu mu gani da idonmu, mu kwana biyu a gindin duwatsun, mu dafa abincinmu da kanmu. Ranar babu wanda ya fahimci sauran darasin.

Malam ya faɗi abin da kowane yaro zai kawo, dunƙule guda. Da na kai wa Baba maganar, bai ko ɗago daga igiyar da yake tufkawa ba. Ya ce, "Kuɗin me da me?" Na ce ban sani ba, haka Malam ya ce. Ya ce to in na sani in dawo. Haka kusan kowa ya samu a gidansu. Ba rowa ba ce. Kaka ce, hatsi yana rumbu, amma manomi bai saba ba da kuɗi a kan abin da ba a warware masa ba, kuma ba su san Malam ba balle su danƙa masa 'ya'yansu.

Malam ya je wajen mai unguwa neman taimako, ya tarar da Kawu a zaune a can. Kawu a samartakarsa ɗan koren shanu ne. Ya sha kora garke a ƙafa zuwa kudu, wata biyu a hanya, yana kwana inda dare ya yi masa. Asalinsu Fulani ne, amma Fillancin ya ɓace masa, sai in zai yi wa sa tsawa. A wata tafiyar sa ya hamɓare shi a gwiwar hagu, tun daga nan yake dogara sanda. Bai yi boko ba ko na rana ɗaya. Dukan yaran gari Kawu suke ce masa, har waɗanda ba su haɗa komai da shi ba. Ya saurari Malam har ya gama, sannan ya ce zai raka mu, iyaye kuma za su yarda in sun ji yana ciki. Sharaɗinsa ɗaya ne: shi ba zai riƙe kuɗi ba, Malam ma ba zai riƙe ba. Yaran ne za su yi lissafin tafiyarsu, su tara, su riƙe, su kashe.

Mu goma sha biyu ne, duk maza, don a lokacin babu wanda ya ma kawo zancen 'yan mata. Muka taru da la'asar a gindin tsamiyar ƙofar gidan Kawu. Iska tana kawo ƙanshin harawar gyaɗa da aka jibge a kan rufin soro, daga cikin gidaje ana jin lugude. Kawu ya share ƙasa da tafin hannunsa, ya zazzage wani ƙoƙo cike da 'ya'yan tsamiya, ya ce kowanne ɗaya naira goma ne.

Ya ce, "Baki nawa ne?"

Muka ce goma sha biyu.

"Ni da Malam iska za mu sha?"

Muka yi dariya, muka ce goma sha huɗu.

"Sau nawa za a ci?"

Monitan ajinmu, wanda ya fi mu tsawo da baki, ya yi caraf ya ce yini uku sau uku, tara ke nan. Kawu ya dube shi ya ce, "Ranar tafiya ba za ka karya a gidanku ba? Ranar dawowa uwarka ba za ta ajiye maka tuwon dare ba?" Monita ya ƙirga da yatsu, ya sunkuyar da kai ya ce bakwai ne.

Haka muka yi ta yi kusan mako biyu. Kawu ba ya faɗa mana amsa. Da ya tambaye mu mudu nawa na shinkafa za mu ci a zama ɗaya, muka ce ɗaya ya isa, sai ya sa aka kawo mudu ɗaya, ya ce mu dafa a nan, mu ci. Muka hura wuta, hayaƙi ya cika mana ido, shinkafar ta kama a ƙasa, sama kuma da sauranta. Muka zauna mu goma sha biyu a kan tire guda, kafin ka ce me ta ƙare, kowa yana kallon ɗan'uwansa. Kawu yana gefe yana gyaran sandarsa da wuƙa. Ya ce, "To, mudu nawa?" Daga ranar babu wanda ya sake yin lissafi da ka kawai.

Ranar kasuwar Sara ya raba mu biyu-biyu. Waɗansu su tambayo kuɗin manja da gishiri, waɗansu shinkafa da wake, waɗansu su je tasha su ji kuɗin mota. Ya ce kada mu tsaya a kan mai sayarwa ɗaya, mu tambayi uku, kuma kada mu nuna muna ɗoki. Muka dawo da yamma kowa da labarinsa, aka yi ta matsar da 'ya'yan tsamiya daga wannan tsibi zuwa wancan. Da muka ce mun gama, ya ce da me za mu kunna wuta. Mun manta da ashana. Mun manta da sabulu, mun manta da kananzir na fitila. Duk abin da ya tuna mana, sai mu ga tsibin ya ƙara tsawo. Sai ya nuna mana yadda ake rage shi. Abin da ake da shi a gida ba a saye. Wannan gidansu akwai wake, wancan uwarsa tana yin ƙuli-ƙuli, Inna ta ce za ta tara mana ƙanzo. Duk abin da yaro ya kawo, a kimanta shi a cire daga nasa kason.

Akwai abokina ɗan maƙeri, wanda a shekarar ubansa yana kwance, maƙerar a rufe. Ya daina zuwa gindin tsamiya, muka san dalili. Kawu ya aika ni in kira shi. Da ya zo, bai tambaye shi komai ba, sai ya juyo gare mu ya ce nawa ake sayar da damin icce a Birnin Kudu, kuma dami nawa za mu ƙona. Muka lissafa. Ya ce wa ɗan maƙeri, "Kai ka fi su iya gatari. Za ka iya saro mana shi?" Ya ce zai iya. Aka ɗebe masa 'ya'yan tsamiya daidai da na kowa, aka ce ya biya. Sai da na girma na gane Kawu ya san iccen bai kai haka ba.

Sauran kuɗin kuwa da guminmu muka samo. Muka yi kalar gyaɗa a gonakin da aka gama cirewa, muna tonon ƙasa da 'yar fartanya, rana tana dukan ƙeya. Muka yi ƙwadagon ɗaukar kara. Abin da ya rage kaɗan ne, shi muka kai wa iyaye. A wannan karon da Baba ya ce kuɗin me da me, na tsuguna na zayyana masa tun daga mota har ashana. Ya daɗe yana dubana, sannan ya sa hannu a aljihu.

Ana saura kwana biyu tafiya, Kawu ya sa muka ƙirga duka. Sannan ya ce a kan kowane goma a ƙara ɗaya, a yi tsibi na dabam. Monita ya ce na mene ne, ai an sa komai. Kawu ya ce, "Wannan ba shi da suna tukuna. Hanya ce za ta raɗa masa. Ku dai ce masa kuɗin ko-ta-kwana." Ya zo 'ya'yan tsamiya talatin, naira ɗari uku. Muka koma kala muna ƙunƙuni har muka cike shi.

Ni aka zaɓa ma'aji, wai don ba ni da yawan magana kuma na iya lissafi. Inna ta ɗinka mini lalita, ta yi mata ƙulli uku, na mota, na cefane, da na ko-ta-kwana. Dokar Kawu ita ce ba a kwance ƙulli sai a gaban mu goma sha biyu. Na ɗaura ta a ƙugu ƙarƙashin riga, ina jin nauyinta kamar na ɗauki garin gaba ɗaya.

Ba zan iya kwatanta maka yadda muka ji ba da motar ta shigo Birnin Kudu, muka hango duwatsun nan a jibge, wani kan wani, kamar an ɗora su da hannu. Malam ya riga ya nemi izini, aka ba mu wani fili kusa da wata makaranta, da rijiya a gefe. Muka kafa sanduna, muka ja tamfol, muka shimfiɗa tabarmi, muka jera duwatsun murhu. Washegari da safe, raɓa ba ta bushe ba, wani dattijo mai kula da wurin ya kai mu Dutsen Habude. Muka shiga ƙarƙashin dutsen, wurin da sanyi, yana warin jemage. Ga shanun nan a jikin dutse, ja-ja, sun ɗan dushe. Malam ya fara bayani, sai ya lura Kawu ya matsa gaba dab da zanen. Ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna da bakin sanda, ba tare da ya taɓa ba, ya ce, "Waɗannan ba su da tozo. Ba irin namu ba ne. Amma wanda ya zana su ya yi kiwo, dubi yadda ya san tsayuwarsu." Malam ya ciro biro ya rubuta. Daga nan dattijon ya nuna mana wani dutse da in ka ƙwanƙwasa shi da ƙaramin dutse yake amsawa kamar ƙarfe. Muka yi ta bugu har ya ce ya isa.

Da yammar ranar muka shiga kasuwa sayen albasa da tattasai. A nan muka gan ta, a rataye cikin raga a ƙofar wani kanti: ƙwallon fata, fara da baƙi, sabuwa dal. Makarantarmu ba ta taɓa mallakar irinta ba. Tsumma muke ɗaurewa da igiya mu buga, in ta warware a tsaya a sake ɗauri. Monita ya tambaya, aka yi ciniki, mai kantin ya tsaya a kan ɗari uku. Ban manta yadda duk suka juyo suka dubi ƙuguna ba.

Monita ya ce, "Gobe muke komawa. Kuɗin mota yana nan, abinci yana nan. Me ya faru? Babu abin da ya faru."

Ɗan maƙeri ya ce, "Ba mu isa gida ba ai."

Aka yi masa ca. Ni kuwa gara in faɗa maka gaskiya, duk cikinsu babu wanda ya kai ni son ƙwallon nan. Na ce dai mu je mu tambayi Kawu, ina fatan ya hana, in huta, ina kuma fatan ya yarda. Muka same shi a inuwar tamfol yana jan carbi. Ya ji mu, ya ce, "Kuɗinku ne. Ku goma sha biyu kuna nan?" Muka ce muna nan. Ya ce, "To ba ku karya doka ba." Malam ya buɗe baki zai yi magana, Kawu ya ɗan ɗaga masa hannu. Aka ɗaga yatsu, goma sha ɗaya da ɗaya. Da hannuna na kwance ƙulli na uku. Muka buga ƙwallo a filin nan har aka kira magariba, kuma ban taɓa jin daɗin wasa irin na ranar ba.

Da safe muka naɗe kaya muka nufi tasha. Tun daga nesa muka ga layin motoci a gidan mai, ya miƙe har ba a ganin ƙarshensa. Fetur ya yi wuya. Tashar da muka sauka shekaranjiya cike da motoci, yau uku ne kawai, kuma kowane direba ya ƙara kuɗi. Malam ya yi magiya, ya ce 'yan makaranta ne. Direban ya ce, "Malam, wallahi ba mugunta ba ce, a galan na saya." Na tsuguna a bayan wata rumfa na kwance ƙullin mota, na ƙirga, na sake ƙirgawa. In an biya mu goma sha huɗu zuwa Sara, abin da zai rage bai wuce kuɗin mutum uku ba daga Sara zuwa gida. Da ƙulli na uku yana nan, da ya rufe giɓin. Ni da monita muka ruga kanti da ƙwallon. Mai kantin ya juya ta, ya ga duk ta kurje, ya miƙo mana abinmu ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Da muka dawo na ga Malam ya ja Kawu gefe, ya ciro 'yar jakarsa. Na ji yana cewa, "Baba, ina da ɗan abin da zai kai mu. Yara ne."

Kawu ya ce, "Mayar, Malam. Allah ya saka da alheri. In ka biya yau, abin da za su koma gida da shi ke nan, cewa kullum akwai mai biya."

Sannan ya zo ya tsaya a gabanmu. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Sai na ji ya ce, "Ma'aji, nawa ne a hannunka?" Na faɗa. "Ina zai kai mu?" Na ce Sara. "Alhamdulillahi. Daga Sara kun san hanya?" Muka ce mun sani. Ya ce, "To me kuke jira?"

A Sara muka sauka wajen azahar, muka yi salla. Aka sami a-kori-kura mai zuwa wajenmu. Kawu ya ce mu yanke shawara wa zai hau, kujera uku ce. Duk muka haɗa baki muka ce shi. Ya ce shi ba ya cikin zaɓin, mu sake. Muka zaɓi ƙanana biyu daga cikinmu, ɗaya ma takalminsa ya tsinke. Kawu ya roƙi Malam ya zama na uku, ya tafi da tukwane da tamfol, ya shaida wa iyaye muna tafe lafiya, kada hankalinsu ya tashi. Malam ya ƙi, ya sake ƙi, amma ba a jan magana da Kawu. Motar ta tashi ta bar mu goma da tsoho mai sanda.

Tafiyar sa'a huɗu ce ga mai ƙafa lafiyayya. Muka bi ta cikin gonaki, gero an girbe, sai kututture, dawa kuwa tana tsaye ta sunkuyar da kai. Monita yana rungume da ƙwallo, babu wanda ya ce a ajiye ta ƙasa. Kawu yana gaba, sanda, ƙafa, sanda, ƙafa, ba ya sauri ba ya tsayawa. Ya hana mu shanye ruwan gora a zama ɗaya, ya ce kurɓi biyu a wuce da ita. Ya riƙa nuna mana abubuwa, ga sawun garke, ga inda ake samun ruwa in an tona yashi, ga itacen da ba a kwana a ƙarƙashinsa. A wata inuwar kuka muka zauna, aka jiƙa ƙanzon Inna da ragowar ruwa, aka barbaɗa ƙuli-ƙuli, muka ci abincinmu na bakwai. Ko a nan bai ambaci ƙwallo ba.

Da muka tashi na lura sai da ya dafa kukar kafin ya miƙe. Gumi yana zuba daga ƙarƙashin hularsa. Ɗan maƙeri ne ya fara matsawa ya shiga ƙarƙashin hammatarsa. Ni na shiga ɗaya gefen. Daga nan muka riƙa karɓa-karɓa, har monita ya miƙa wa wani ƙwallon ya karɓi nasa rabon. A lokacin da nake riƙe da shi na yi ƙarfin hali na ce, "Kawu, ni ne na kwance." Ya ce, "Na gani." Na ce, "Da na ƙi." Ya yi 'yan taku kafin ya ce, "Da ka ƙi, da sun ji haushinka kwana biyu. Yanzu ka san nauyin kowanne. Riƙe ni da kyau, akwai gangara."

Ana kiran magariba muka shigo gari. Iyaye suna tsaye a bakin hanya. Mai unguwa ya ce, "Yaya hanya?" Kawu ya ce, "Babu wanda ya kwana da yunwa, babu wanda ya ci bashi, ga su nan cif." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ni da kaina na ba Baba labarin ƙwallon washegari, don na kasa haɗa ido da shi.

Gwiwar Kawu ta kumbura ta yi suntum. Kusan wata guda bai je masallaci ba. Kullum da hantsi Inna takan dafa ruwa da ganye, in kai in gasa masa. Wata rana ta karɓi rigar da ya yi tafiyar da ita za ta wanke, sai ta ji abu a ɗinke a cikin aljihun ciki. Ta farke, ga kuɗi a naɗe, wanda zai kawo mu gida har sau biyu. Ta shigo ɗakin da su a hannu, ina tsugune da tsumma.

Ta ce, "Yaya! Da wannan a jikinka ka tako ƙafar nan tun daga Sara?"

Ya ce, "Wannan na ciwo ne, ko haɗari. Babu yaron da ya yi ciwo."

"To kai fa? Ko kai kaɗai ka hau mana."

"In hau mota in bar su a rana? Ai ya zama horo ke nan. Ni ba horo na je yi musu ba."

Inna ta ajiye kuɗin a kan tabarma ta fita tana share ido da gefen zane. Ni kuwa na ci gaba da gashi, ban ɗago ba.

Ƙafar ba ta koma yadda take ba. Kawu bai sake yin doguwar tafiya ba har ya bar duniya, ina kwalejin horon malamai a lokacin. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Amma shekarar da ta biyo, da 'yan bayanmu za su tafi, a gindin tsamiyarsa suka yi lissafinsu, ya sa ni da ɗan maƙeri muka zauna muna yi musu tambayoyin. Suka je suka dawo da ƙullinsu na uku ba a taɓa ba. Ƙwallon kuwa ta yi wa makarantar shekara biyu, ana ɗinkewa tana fashewa, har ta zama ba ta ɗinkuwa.

Yanzu abubuwa sun sauya. In makaranta za ta fita yawon buɗe ido, takarda ake ba yaro ya kai gida, uba ya tura kuɗi ta waya, bas ta zo ƙofar makaranta, a raba shinkafa a roba. Yaro ya je ya dawo bai san nawa aka sayi mudu ba. Ban ga laifin iyaye ba, zamani ya sa kowa yana tsoron hanya, kwana a fili ma sai an yi dogon tunani. Ni ma ba zan iya sa 'ya'yan mutane tafiyar sa'a huɗu a ƙafa ba, kuma ba na jin ina da zuciyar da zan bi su da gurguwar gwiwa.

Abin da nake iyawa shi nake yi. Zangon da ya wuce, da za mu kai 'yan ajina wata gonar gwaji a wajen gari mu kwana ɗaya, na roƙi hedimasta ya bar yaran su yi lissafin da kansu. Rabin ajin 'yan mata ne, kuma mace suka zaɓa ma'aji, wata 'yar siririya mai zama a layin gaba. Na tsaya a gaban allo na jero musu abubuwan da za su nemo farashinsu, yadda na haddace tun ina yaro: mota, shinkafa, wake, mai, gishiri, icce, ashana, sabulu. Na ajiye alli ina jin na ƙure.

Sai ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, ba ka sa ruwa ba."

Na ce ai akwai rijiya.

Ta ce, "Na tambayi yayana, ya taɓa aiki a can. Ta ƙafe tun bara. Sai an sayi na leda, ko a kira mai kurar ruwa. Mu arba'in ne, Malam, ga sha, ga girki, ga alwala."

Na tsaya ina kallon allon. A zamaninmu ruwa ba ya cikin abin da ake lissafawa, guga kawai ake nema. Na ɗauki alli na rubuta shi a can ƙasa, bayan sabulu.

Ta ce, "A sama za ka sa shi, kafin mota."

Na goge, na mayar da shi sama.